Ranar da aka ce giyar jif ɗina ta mutu

Motata Toyota Highlander ce ƙirar 2002, mai silinda shida, injin nan lita uku da ake kira 1MZ-FE, irin wanda ke cikin Lexus RX300. Daga Amurka ta fito ta biyo ta Kwatano, kuma ba ni na fara hawanta a nan ba, a hannun wani ɗan'uwan uwargida na saya bayan shi ma ya more ta shekaru. Yanzu dai ta haura shekara 20, ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar jif ya san kowane wata da irin kukan da take zuwa da shi. Wani kukan na naira dubu biyu ne, wani kuma sai ka zauna ka yi shiru ka fara lissafin albashi.

Abin ya faro ne a hanyar Zariya. Mun bar Kano da sassafe za mu ɗaurin aure, muna wuce Kwanar Ɗangora sai na ji motar tana ihu fiye da yadda na saba, na duba allurar juyin inji na ga ta haura 3000 alhali gudun ma bai kai ya kawo ba. Giyar motar atomatik ce mai hawa huɗu, ta shiga ɗaya ta shiga biyu ta shiga uku lafiya lau, amma ta huɗun ƙememe ta ƙi. Ga fitilar nan mai hoton inji ta kunna a dashbod, wacce gaskiya ta daɗe tana kunnawa tana mutuwa ni kuma na maida ita ado. Na danna ɗan maɓallin O/D, mai ba giya ta huɗu damar shiga, da ke jikin hannun giya na sake dannawa, ba abin da ya canza. Haka muka lallaɓa muka je muka dawo, man da ta sha a tafiyar nan kuwa ba a magana, kuma wannan bayan cire tallafi ne, tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta koma sama da 500, daga baya ma har ta tsallake 1000, to kai da tankinka ke cin lita 75 ai dole ka ji a jikinka.

Washegari na kai ta gareji. Bakaniken ya zagaya da ita bai fi minti biyar ba ya dawo yana goge hannu da tsumma yace, "Alhaji ai giya ta tafi, sai dai a nemo 'yar Beljiyam a ɗora." Nace Oga ko mai ba ka duba ba fa. Yace shi shekararsa nawa a wannan aikin, da kunne ma yana ganewa. Kuɗin da ya yanka min na giya da na aiki kuwa, wallahi da shi da sayen babur ɗan hannu kusan duk ɗaya. Nace to bari in je in yi shawara, na ja motata.

Abin da ya cece ni wani ƙanina ne da ke da 'yar na'urar nan ta karanta lambar matsala, ELM327, 'yar ƙarama kamar akwatin ashana, ana soka ta a wani soket da ke ƙarƙashin sitiyari sai ta haɗu da waya ta Bluetooth. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 zuwa sama tana da wannan soket ɗin, OBD2 ake ce masa, wato motar da kanta tana ajiye ƙorafinta a ƙwaƙwalwarta tana jiran mai tambaya, mu ne ba ma tambaya. Muka soka, lambobi uku suka fito: P0330, P0171, da P0128. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya shafi cikin giya.

P0330 ɗin nan shi ne gogan. Akwai wasu sensa guda biyu a tsakiyar injin, can cikin kwarin da ke tsakanin layin silinda na gaba da na baya, aikinsu sauraron ƙarar ƙwanƙwasa idan mai yana kamawa da wuta kafin lokacinsa. Idan ƙwaƙwalwar mota ta daina jin ɗaya daga cikinsu sai ta tsorata, ta ja lokacin wuta baya don kar inji ya buga, kuma a wannan injin har giya ta huɗu take hanawa. Shikenan fa. Giyar lafiyarta ƙalau, umarni aka ba ta kar ta hau. Da na biye wa Oga da an sauke giya mai lafiya an ɗora wata da ba wanda ya san tarihinta, kuma sabuwar ma ba za ta shiga ta huɗun ba tunda mai hana ta yana nan, daga nan sai ace min ai wacce aka sayo ce ba ta da kyau a koma a canzo.

Kafin in yarda ɗari bisa ɗari sai da na duba man giyar da kaina, kuma wannan kowa zai iya. Mota ta yi zafi, tana kunne, a fili mai daidai, ka zagaya da hannun giya duk matakan ka dawo P, ka zaro sandar awo ka goge ka maida ka sake zarowa. Mai lafiyayye ja ne ko ya ɗan yi duhu, idan ya koma baƙi yana warin ƙauri kamar an babbaka wani abu to a nan ne za ka fara salati. Nawa ya ɗan yi duhu amma ba ƙauri. Kuma a jikin sandar an rubuta irin man da take sha, Type T-IV, don haka duk wanda ya ce maka ai duk man giya ja ɗaya ne kar ka biye masa.

Aikin canza sensar ba wahalar fasaha ba ce, wahalar isa wurin ce, sai an cire duk bututun shan iska na saman inji, na sama da na ƙasa, sannan a gan su. Na samu wani rewaya mai haƙuri a unguwarmu, dattijo ne ba ya gaggawa, muka yi ranar Asabar ina zaune a kan benci ina kallo. Da aka buɗe sai ga 'yar wayar da ke haɗa sensocin ta bushe ƙamas, robar jikinta tana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli, zafin shekara 20 ya dafa ta. Baba yace, "Yaro, mai yiwuwa sensar ma lafiyarta lau, wayar ce." Amma tunda an riga an buɗe muka canza duka, waya da sensa biyu da gasket, har da wani ɗan tiyon ruwa da ke bi ta cikin kwarin, don idan ya fashe gobe sai an sake wannan buɗewar gaba ɗaya. A Kofar Ruwa na samo kayan, kuma Baba ya ja min kunne kar in sayi sensa 'yar araha mara suna, yace gara ta gwanjo da aka ciro daga wani injin asali, don jabun ba ta daɗewa lambar take dawowa, kuma wa zai so ya biya kuɗin aikin nan sau biyu.

A wannan buɗewar ne na gano wani abu da ya ba ni dariya ya kuma ba ni haushi. Fulogi shida ne a motar, uku a gaba a fili, uku a baya sun ɓuya ƙarƙashin bututun iska kusa da bangon da ya raba inji da cikin mota. Na gaban sababbi ne fes, na bayan kuwa tsofaffi tukuf bakinsu ya cinye. Wato duk lokacin da aka ce an canza fulogi aka karɓi kuɗin shida, ukun da hannu ke kaiwa kawai ake canzawa. Ban san tun zamanin wa aka fara ba, nawa ko na mai motar na da. Murfin saman injin na baya shi ma yana yoyon baƙin mai yana ɗiga a kan salansa, ashe shi ne warin ƙonewar da nake ji a go-silo ina ɗora wa motar gabana laifi. Aka canza robarsa.

P0171 kuma cewa yake iska ta yi wa mai yawa. Nan ma da an je gareji magana ɗaya ce, famfon mai ya mutu ko a wanke nozul. Amma akwai wata sensa a bakin akwatin matatar iska wacce ke auna yawan iskar da ke shiga, sukuru biyu ne kawai ke riƙe da ita, a cikinta akwai wata siririyar waya kamar gashi. Ƙurar hunturunmu ta Kano idan ta lulluɓe wayar nan sai ta riƙa ba da lissafin ƙarya. Mun ciro ta muka fesa mata ruwan wanke ta na gwangwani, ba a taɓa wayar da hannu ko da tsinken auduga ne, muka bari ta bushe muka maida. Matatar iskar ma da na zaro ta na ga har ta huje a gefe saboda yawan hura ta da iskar mai faci da ake yi duk juye maimakon a sayi sabuwa. Sannan mun duba babban tiyon roba da ke tsakanin matata da totur, ya tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya gani, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Duka wannan gyaran bai kai kuɗin rabin tanki ba.

To sai na ukun, P0128, wanda shi ne zan daɗe a kansa don a nan nake da faɗa da kusan duk garejin ƙasar nan. Lambar tana cewa injin ba ya kaiwa zafin da ya kamata. A Kano fa, garin da a watan Afrilu zafi ke haura 40. Dalili kuwa an cire mata tamostat, sannan an haɗa fankokin lagireto dairek, da ka murɗa makulli suke tashi ba sa tsayawa sai ka kashe. Wannan kusan al'ada ce a wurinmu, mota na sauka daga Kwatano abu na farko a cire tamostat wai na ƙasar sanyi ne. Ni ma da na yarda da haka, don maganar tana da daɗin ji. Amma tamostat ɗin wannan injin a digiri 82 yake fara buɗewa, kuma da zarar ya gama buɗewa ruwa yana zagayawa ne kusan kamar babu shi, aikinsa kawai ya riƙe ruwan a cikin inji da safe har ya yi ɗumi da wuri ya kuma tsayar da zafin wuri ɗaya. Idan ka cire shi, ƙwaƙwalwar mota tana ganin inji da sanyi sai ta ci gaba da zuba mai da yawa kamar yanzu aka tada ta, kai kuma kana ta tsine wa gidan mai wai litarsu ba ta cika. Kuma motocin Toyota na wancan zamanin ba sa sakin giya ta sama sai ruwa ya ɗumama, shi ya sa da asuba a hunturu take daɗewa kafin ta hau.

Motar da ke zafi ba tamostat mai lafiya ne ke sa ta zafi ba. Ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya daina riƙe ƙarfi, ko fanka ba ta tashi, ko ruwa na zuba a wani wuri, ko famfon ruwa ya gaji, ko kuma shi tamostat ɗin ya maƙale a rufe wanda maganinsa a sa sabo ne. Tawa da muka zubar da ruwanta abin da ya fito kamar kunun kanwa, ja-ja mai tsatsa, saboda shekara da shekaru ruwan rijiya da fiyawata ake ɗura mata. Saman lagireton roba ne kuma ya fara canza launi daga baƙi zuwa ruwan ƙasa da 'yan tsage-tsage, alamar saura ƙiris ya fashe, don haka na rufe ido na sayi wani, aka sa tamostat, aka maida fanka kan sensarta, aka zuba jan ruwan sanyaya inji. Oga na farko da ya ji labari sai da ya aiko min da saƙo wai in shirya sayen inji kafin azumi. An yi azumi an yi salla, an shiga zafin bazara na yi Kano zuwa Kaduna na dawo da AC a kunne, allurar zafi tana tsakiya ko motsi ba ta yi. Abu ɗaya dai, dan Allah kar wanda ya buɗe murfin lagireto mota na da zafi, na ga yaron gareji da ruwan ya wanke wa hannu, ba kyan gani.

Tunda ana maganar famfon ruwa, a wannan injin bel ɗin taimin ne ke juya shi, kuma bel ne na roba ba sarƙa ba, ana canza shi duk mil 90,000. Ku lura mil nace. Motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil 90,000 kusan kilomita 145,000 ne, mutane da yawa suna kallon lambar dashbod suna zaton kilomita ce, wanda ya ga 200,000 ya ce ai ba ta yi tafiya ba, alhali ta haura kilomita 320,000. Ni ba wata takarda da ta nuna yaushe aka canza nawa, muka buɗe murfin sama muka leƙa, bayan bel ɗin duk ya yi tsage kamar ƙafar mai faso. Aka canza shi da famfon ruwa da 'yan fulolinsa a zama ɗaya. Wannan kam ya ci kuɗi, watan nan uwargida sai da tace, "Malam, wai motar nan kishiya ce ko mota?" Nace kishiya ai ba ta kai ki Zariya.

Baƙin mai ma akwai rigima. A murfin an rubuta 5W-30, masu juye kuma 20W-50 suke miƙo maka wai tsohon inji sai mai kauri. Wannan injin ba ya son a yi masa jinkirin juye, idan mai ya daɗe yana dahuwa sai ya zama kamar kwalta ya toshe ƙananan hanyoyi, ga shi yana da tsarin VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da ƙarfin mai ne ke sarrafa shi ta ƴan ramuka ƙanana. Da aka buɗe murfin baya na leƙa na ga launin ya yi duhu amma babu dunƙulen kwalta, na yi hamdala. Yanzu mai mara kauri nake sa mata, kusan lita biyar har da filta, kuma ba na bari ta wuce kilomita 5000 saboda ƙura da go-silo. Duk Juma'a kafin masallaci ina zaro sanda in duba, tana ɗan rage kaɗan tsakanin juye da juye, na barta da wannan, tsufa ne.

Akwai wanda ya fi ba ni dariya duk cikinsu. AC yana sanyi ƙalau, da na faɗa rami sai ya koma huro zafi kamar tanda, in sake faɗawa wani ramin ya dawo sanyi. Mai AC yace gas, aka ƙara gas, bai daina ba, yace kwamfireso. Ashe maɓallin murɗa zafi da sanyi ne, idan ka zare kansa akwai wani ɗan noti a ciki da ke kwancewa, maɓallin ya riƙa lilo har ya tsinke 'yan wayoyi uku da aka liƙa da dalma a bayansa. Mai gyaran rediyo ne ya liƙe min su a ƙofar shagonsa, ya ɗaure notin, ya karɓi kuɗin da bai kai na farantin shinkafa da kaza ba. Daga baya na ji ashe da yawa cikin Highlander na farko, daga 2001 zuwa 2007, suna wannan.

Ƙafa kuwa ba a gama ta, a titunanmu ba za a taɓa gamawa ba. Ƙwas-ƙwas ɗin da take yi a kan gargada na zaci shokoziba ne, ashe 'yan sandunan sitabilaiza ne da bushin, masu araha. Idan kuma ka karya kan sitiyari har ƙarshe ka ji tana ƙas ƙas ƙas to shaf ne, kuma kusan kullum robar bakinsa ce ta fara yagewa giris ya fice yashi ya shiga, da ka gani da wuri robar kawai za ka canza. Taya ma na koyi karanta ta, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT da ke gefen tayar, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Na taɓa sayen 'yar Beljiyam mai zane raɗau ashe ta kusa shekara goma, a kan kwaltar bazara irin wannan ba abin wasa ba ce.

Ba wai na zama bakanike ba ne, har yanzu sifana lamba 10 da 12 sai na duba rubutun jikinsu. Kuma ba na raina masu gareji, Baban nan rewaya abin da ya sani ko shekara goma na yi ina kallon YouTube ba zan kamo shi ba. Abin da ya canza kawai yanzu na sayi tawa na'urar tana cikin aljihun dashbod, kuma ba na bari a sayi komai sai an nuna min yadda aka san shi ne ya mutu. Kwanan baya ta fara rawa a tsaye, lamba ta ce P0304, silinda ta huɗu ba ta kamawa, ita kuma tana layin gaba a tsakiya. Na kwance kwail ɗinta na musanya da na silinda ta biyu, na goge lambar na zagaya unguwa, sai ta dawo P0302. Matsala ta bi kwail, kwail ɗaya na saya, minti 15 a ƙofar gida yara na riƙe min fitilar waya.

Abin da ya rage yanzu P0420 ne, tukunyar tace hayaƙin nan ta salansa da 'yan gareji ke kira indomi ta gaji, kuma har mutum biyu sun yi min tayin su fasa su cire cikinta su ba ni kuɗi a kai, ban dai amsa ba tukuna. Sai kuma wani ɗigon jan mai da nake gani da safe a ƙasa ta ɓangaren fasinja, ina zargin tiyon fawa sitiyari ne. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta daren jiya don in ga daidai inda yake sauka, Asabar in Allah ya kai mu zan kai wa Baba kwalin da motar.